Yadda ake gano lalacewar kuros ɗin farfela a tsohuwar mota, da yadda ake canza shi

Tsofaffin motoci masu ja da baya, irin su Land Rover ta da, da Toyota Land Cruiser da Hilux na shekarun 1970 da 1980, da a-kori-kura ƙirar Datsun, har yanzu suna aiki a Katsina da Daura, wasu a gona, wasu a hanyar kasuwannin ƙauye, wasu kuma a hannun mutanen da suka gaje su suke kuma tattalinsu. A duk waɗannan motoci, ƙarfin inji yana fita daga giyabos ne ya bi ta farfela ya isa aksul ɗin baya. To amma giyabos a ɗaure yake a jikin mota, aksul kuwa yana hawa yana sauka tare da tayoyi, don haka dole farfela ta sami gaɓar da za ta riƙa lanƙwasawa alhali tana juyawa. Wannan gaɓa ita ce kuros. Ƙarfe ne mai hannu huɗu, kowane hannu yana shiga cikin kofi, a cikin kowane kofi kuma akwai siraran allurai na ƙarfe a jere da giris, da zoben roba mai tsare ƙura. Kofuna biyu suna zama a kunnuwan gwafar da ke jikin farfela, sauran biyun kuma a kunnuwan gwafar da ke jikin farantin da ake ɗaurewa a giyabos ko a aksul.

Abin da ke kashe kuros a wannan yanki sananne ne. Ƙurar hunturu da yashin hanyoyin Mashi, Mai'aduwa, Zango da Baure suna shiga da zarar robar ta tsage, ruwan damina yana wanke sauran giris ɗin da ya rage, sannan lodin da ya wuce ƙima yana danne bayan mota ya sauya kusurwar da gaɓar take aiki a kai. Idan alluran suka bushe sai su ci hannun kuros, daga nan rawa ta fara. Ya kamata a fahimci abu ɗaya tun daga farko: kuros ɗin da ya fara rawa ba shi da wurin ɗaurewa, kuma giris ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Canza shi ake yi. Amma kafin a canza, sai an tabbatar da hannu cewa shi ne, domin akwai abubuwa da dama a ƙarƙashin mota da suke yin irin ƙararsa.

Wannan bayani na motocin da farfelarsu take a fili ne, wadda kake gani da ido idan ka leƙa ƙasa. Peugeot 404 da 504 salun, waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, farfelarsu a cikin bututu take a rufe, kuma kaiwa gare ta wani aiki ne daban. Haka nan tsohuwar Mercedes 200 da 230, tana da faifan roba a ƙarshen farfela, kuros ɗinta na tsakiya kuma a daddatse yake tun daga kamfani, ba shi da zoben da ake cirewa. Irin wannan sai a kai wa masu injin lez, wato injin sassaƙa ƙarfe.

Alamu daga kujerar direba

Alama ta farko ita ce bugu guda ɗaya, gam, daga ƙarƙashin mota, a daidai lokacin da ka saki kuloci za ka tashi, ko lokacin da ka fita daga giya ɗaya ka shiga ribas. Haka kuma idan kana tafiya ka ɗaga ƙafa daga totur sannan ka sake takawa. Ta biyu ita ce ƙara siririya mai maimaita kanta, ƙi-ƙi-ƙi, a tafiyar hankali, wadda take ƙara sauri idan mota ta ƙara sauri har ƙarar inji da ta taya su rufe ta. Wannan kukan busassun allurai ne, kuma an fi jin sa idan ana ribas kusa da katanga. Ta uku ita ce jijjiga a ƙarƙashin kujera da daɓen mota idan an hau kwalta an miƙe.

Jijjigar tana buƙatar lura, domin a nan ake yawan ɓata kuɗi. Idan sitiyari ne yake kakkarwa a hannunka, fara duba tayoyin gaba. Idan jijjigar tana nan ko mota a tsaye take kana taka totur, to ta inji ce ko ta robobin da ke riƙe da shi. Ta farfela kuwa sai mota tana tafiya, kuma tana da sauri ƙwarai fiye da ta taya, saboda farfela tana juyawa sau da yawa kafin taya ta juya sau ɗaya. A tsohuwar Land Rover, juyi 4.7 ne na farfela a kan juyi ɗaya na taya. Sau da yawa kuma tana sauyawa idan ka taka totur ko ka sake shi ba tare da gudun motar ya canza ba. Wanda ya ji waɗannan alamu bai kamata ya ɗauki hanyar Kano ko Jibiya da motar ba tukuna. Idan kuros ɗin gaba ya tsinke a guje, kan farfela yakan faɗi ya caki ƙasa, yana iya ɗaga bayan mota ko ya fasa tankin mai da bututun birki.

Gwaji da hannu

Nemi wuri mai tauri wanda yake a miƙe, daɓen siminti ko rami irin na gareji. Kada ka yi wannan aiki a kan rairayi, domin jak yana nutsewa a hankali ba tare da ka lura ba. Kashe inji ka zare makulli ka sa a aljihunka. Sa waigi gaba da bayan tayoyi aƙalla biyu. Idan sai an ɗaga motar, a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe na musamman ko katakai masu kauri, ba a kan jak kaɗai ba, ba kuma a kan bulon siminti ba, domin bulo yana farfashewa nan take. Bayan haka sa giya a firi ka saki hambirki, saboda muddin akwai nauyi a kan farfela, kuros ɗin da ya mutu ma zai yi kamar lafiyarsa ƙalau.

Masu Land Rover su kula da wannan sosai: hambirkinta ba tayoyi yake kamawa ba, farfelar baya yake kamawa a bayan giyabos. Ranar da ka kwance farfelar baya, hambirki ba shi da sauran amfani, waigi ne kaɗai yake riƙe da motar a kanka.

Shiga ƙasa da tocila. Fara da ido: jan gari mai kama da garin barkono a bakin kofi alama ce cewa alluran ciki sun bushe suna niƙa kansu. Duba ko wani kofi ya fito fiye da 'yan'uwansa, ko zoben da ke riƙe shi ya ɓace, ko akwai wurin da ƙarfe ya goge yana sheƙi. Sannan riƙe farantin da hannu ɗaya, farfela da ɗaya hannun, ka murɗa su gaba da baya kamar kana so ka raba su. Bayan haka tura farfelar sama da ƙasa, hagu da dama, idonka a kan gaɓar. Idan hannu bai isa ba, cusa babban sukundireba tsakanin kuros da gwafa ka ɗan yi banƙara a hankali. Lafiyayyen kuros ba ya motsi ko kaɗan tsakanin gwafa biyun. Duk motsin da ido ya gani ko yatsa ya ji ya isa hujja.

Yanzu sai ka ware sauran masu laifi. Idan farfela da farantin suna juyawa tare a matsayin abu ɗaya, sai daga cikin aksul kake jin ɗan taku, wannan tazarar haƙoran aksul ce, kuma kaɗan daga cikinta ba aibi ba ne. Idan farantin farfela yana zamewa a kan farantin aksul, notuna ne suka kwance, kuma wannan ɗaurewa kawai yake so, sai dai a duba ko ramukan sun faɗaɗa. Idan farantin aksul ɗin kansa yana lilo sama da ƙasa, da alamar man giya a kewayensa, to babban notin tsakiya ne ko boris ɗin ciki. Akwai kuma gaɓa mai haƙora wadda take barin farfela ta tsawaita ta gajarce. Riƙe ɓangarorinta biyu ka murɗa, domin ita ma tana cinyewa ta yi bugu iri ɗaya. Motar da farfelarta biyu ce a haɗe tana da boris a tsakiya cikin roba, a duba ko robar ta yage. A ƙarshe leƙa robar da ke ƙarƙashin giyabos da notunan da suke ɗaure sifirin da aksul.

Wani lokaci kuros yakan mutu ba tare da rawa ba, wato ya ƙage. Irin wannan yana jijjiga mota da kuka, amma hannu ba ya kama shi sai an sauke farfela an lanƙwasa gaɓar ta kowace fuska. Idan ta yi tauri a wani wuri, ko tana tafiya tana cijewa, hukuncinsa ɗaya da mai rawa.

Sauke farfela

Kafin ka taɓa noti ko ɗaya, yi alama. Da fenti ko fanci, ja layi daga farantin farfela zuwa na aksul, wani daga farantin gaba zuwa na giyabos, wani a kan gaɓa mai haƙora, wani kuma daga kowane faranti zuwa jikin farfela. Alli yana gogewa, kada a dogara da shi. Dalilin wannan yana da muhimmanci. Kuros guda ɗaya da ke aiki a karkace ba ya juyawa da sauri ɗaya: a kowane juyi yana ƙara sauri sau biyu, yana ragewa sau biyu. Kuros na ɗaya ƙarshen shi ne yake soke wannan, amma sai idan gwafa biyun da ke jikin farfela suna zaune yadda kamfani ya tsara su, wanda a yawancin motoci yana nufin kunnuwansu suna kan layi ɗaya. Idan aka zare gaɓa mai haƙora aka mayar da ita da kuskuren haƙori ɗaya ko biyu, mota za ta jijjiga ko da kuros sabo ne fil. An kuma daidaita nauyin farfela tun daga kamfani, shi ya sa za ka ga ƙananan ƙarafa da aka liƙa da walda a jikinta. Kada a cire su.

Kwance notuna huɗu na baya tukuna. A Land Rover sifana mai lamba 9/16 na inci ne yake kama su, kuma gara a nemo shi da a yi amfani da na milimita 14 wanda zai cinye kan noti, ko ya ƙi shiga. Idan tayoyin baya a ɗage suke, sa giya don farfela ta tsaya yayin kwancewa, ka mayar firi ka juya ta don kaiwa ga na gaba. Idan farantin ya manne, ɗan buga shi a gefe da guduma, hannunka ɗaya yana tallafe da farfelar domin tana da nauyi. A motocin da kan farfela yake shiga cikin wutsiyar giyabos kai tsaye, zare shi a hankali, ka ajiye kwano a ƙasa domin man giya zai zubo, sannan ka toshe bakin da leda mai tsabta.

Cire tsohon kuros

Wanke gaɓar da kananzir da buroshin waya har tsagin da zoben yake zaune ya fito sarai. Wannan zobe, wato sakilif, a wasu motoci yana waje a saman kofi, a wasu kuma yana ciki kusa da hannun kuros. Idan ya ƙi fita, ɗora ƙaramin ƙarfe a kan kofin ka buga sau ɗaya don ya saki, sannan ka cire shi da filaya mai tsini. Cire duka huɗu, ka kwance kan giris ɗin ma, wato ɗan bakin da ake buga giris ta cikinsa, don kada ya tare hanya.

Hanyar da ta fi kyau ita ce ta bayis. Nemo soket biyu, babba wanda kofin zai iya faɗawa cikinsa, da ƙarami wanda ya ɗan gaza kofin faɗi. Sa babban a kunne ɗaya, ƙaramin a kan kofin ɗaya kunnen, ka matse bayis a hankali. Ƙaramin zai tura kuros, kuros ya tura kofin can gefe ya shiga cikin babban soket. Idan kofin ya fito rabi, kama shi da filaya mai kulle ko da bakin bayis ka murɗa shi ya fita. Juya, ka tura kuros ɗin baya ya fitar da na biyun. Fara da kofunan farantin, sannan na jikin farfela. Inda babu bayis, ana ɗora hannuwan kuros a kan ƙarafa biyu a riƙa buga kafaɗar gwafa, wurin da ƙarfe yake da kauri, har kofin ya hau sama. Amma kada guduma ta taɓa bututun farfela, kada kuma a matse bututun a bayis. Bangonsa siriri ne, kuma lotsawa kaɗan ta isa ta ɓata daidaitonsa har abada. Kada kuma a buga kunnuwan ta yadda za su matso juna, domin idan suka lanƙwashe sakilif ba zai ƙara zama ba.

Da kuros ya fita, duba ramukan kunnuwan da kyau, domin a nan ake sanin ko aikin zai yi ƙarko. Goge tsatsa da samfefa mai laushi, ka kawar da duk wani tsini da ƙaramin magagari, ka share tsagin sakilif. Gwada sabon kofi a bakin ramin: ya kamata ya ƙi shiga sai da matsi. Idan ya faɗa da turin yatsa, ramin ya faɗaɗa, gwafar ta gama aiki. Na san ana yawan daddatsa ramin da fanci ko a ɗiga walda a kan kofin don a tashi mota, amma ba na goyon bayan haka ko kaɗan. Zafin walda yana ƙona giris da roba, yana kuma kashe taurin kofin, sannan kuros ba zai zauna a tsakiya ba. Gara a nemi wata farfela mai kyau, ko a kai wa mai lez ya sauya gwafar.

Wajen sayen sabo, tafi da tsohon kuros da kofunansa, ko a Katsina za ka saya ko sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano. A auna faɗin kofi, da tsawon kuros daga bayan kofi zuwa bayan kofi, a kuma duba ko sakilif na ciki ne ko na waje. Sunan mota kaɗai bai isa ba. Tsohuwar Land Rover ma tana da girma biyu, kofinsu duka milimita 27, amma tsawon ɗaya kimanin 75, ɗaya kuma kimanin 82. A ganina, a hanyoyinmu mai kan giris ya fi wanda aka rufe, kuma idan ɗaya ya mutu gara a canza biyun lokaci guda tunda farfela tana ƙasa.

Ɗaura sabo

Wannan ne wurin da ake son natsuwa da tsabta. Shimfiɗa kwali ko tsumma mai tsabta, nesa da iska mai ƙura. Zare kofuna huɗu a hankali, ka leƙa kowanne ka tabbatar alluran suna tsaye a jere a bango, sannan ka shafa musu giris da yatsa don ya riƙe su. Giris ɗin da ke zuwa a ciki kaɗan ne. Kada ka cika kofin fal, kashi ɗaya cikin uku ya isa, in ba haka ba zai hana kuros shiga.

Sa kuros tsakanin kunnuwan gwafar farfela, ramin kan giris yana kallon bututu ba farantin ba, domin bakin famfon giris ya iya kaiwa gare shi bayan an ɗaura. Ɗora kofi na farko a bakin rami, ka tura hannun kuros cikinsa tun kafin ka fara matsawa, domin hannun ne zai hana alluran faɗuwa. Matse da bayis har kofin ya wuce tsagin kaɗan, ka sa sakilif. Ɗora kofi na biyu, ka ja kuros zuwa tsakiya yadda hannuwansa biyu suke cikin kofuna biyun lokaci guda, sannan ka matse a hankali, kana motsa kuros ɗin da yatsa a kowane ɗan matsi. Muddin yana juyawa sumul, ci gaba.

Idan kofi na biyu ya tsaya, tsagin sakilif bai gama bayyana ba, dakata nan take. Kusan kullum dalilin shi ne allura ɗaya ta kwanta a gindin kofi. Ƙarin ƙarfi zai karya ta ko ya fasa kofin, sabon kuros ya tashi a banza. Fitar da kofin, ka miƙar da allurar, ka tabbatar ba ta lanƙwashe ba kuma babu gurbin da ya rage a jeren, ka sake. Yi amfani da sababbin sakilif da suka zo a kwalin, ka tabbatar kowanne ya zauna cikin tsaginsa ta ko'ina. Maimaita haka ga farantin, kana bin alamar da ka yi.

Bayan an gama, gaɓar takan ɗan yi tauri. Buga kafaɗar kowace gwafa sau ɗaya ko biyu da guduma, ba da ƙarfi ba, don kofuna su koma su jingina da sakilif. Ya kamata farantin ya lanƙwasa ta fuska biyun ba cijewa, ba kuma rawa. Ɗaura kan giris, ka buga giris na litiyam mai lamba 2 har ka ga ya ɓullo ta bakin robobi huɗu duka. Idan uku ne suka fitar, ɗaya yana nan a bushe. Motsa gaɓar ka sake bugawa. Gaɓa mai haƙora kuwa bugu kaɗan ya ishe ta, domin idan ta cika ba za ta iya gajarcewa ba, sai ta riƙa tura boris ɗin giyabos.

Share fuskar farantai, ka mayar da farfela daidai kan alamominta, gaba tukuna sannan baya. Notunan da suke da roba a ciki a sa sababbi, kuma kada a musanya ƙusoshin farfela da na kasuwa gama-gari, domin nata masu tauri ne na musamman. Ɗaure su a gicciye, ɗaya da na gabansa, kaɗan-kaɗan har su kai ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Idan man giya ya zuba, a cika shi zuwa bakin ramin awo.

Sauke motar, ka ja hambirki kafin ka cire waigi. Gwada gaba da ribas a fili sau da yawa kana saurare, sannan ka hau kwalta mai santsi, ka ƙara gudu sannu a hankali kana takawa kana sakin totur. Idan bugun ya tafi amma jijjiga ta rage, koma ka duba alamomi da zaman sakilif, sannan ka duba ko bututun ya lanƙwashe ko wani ƙarfen daidaito ya faɗi. Bayan tafiyar kwana ɗaya ko biyu, sake bin notunan takwas da sifana. Daga nan a riƙa buga giris duk lokacin da aka canza baƙin mai, da kuma duk ranar da motar ta ratsa ruwan da ya kai farfela, a goge kan giris ɗin da tsumma kafin a ɗora famfo domin kada a tura yashi ciki.